Sha Shida Da Ido A Rufe

Baba mai gyaran agogo ne. Shagonsa a ƙarƙashin matattakalar wani bene yake, wuri ne da idan ya buɗe hannuwansa zai taɓa bango da bango. Akwai tebur ɗaya, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gwangwanayen alewa cike da ƙananan kusoshi waɗanda ni ko na ƙura ido sai na ɗauka yashi ne. Tun ina yarinya nake ganinsa da ɗan gilashin nan maƙale a idonsa na dama, gefen fuskarsa a yamutse, yana ɗaukar abin da bai kai kan allura ba da hantsaki.

Yayansa, wanda muke kira Baffa, a makance ya rasu. Hawan jinin ido ne ya cinye masa gani. Likitan da ya duba shi a ƙarshe ya tara mu ya ce ciwon yana bin dangi, kuma ba ya sallama, ba zafi ba ja, sai dai mutum ya wayi gari duniya ta ƙuntace masa. Ruwan cikin ido ne yake taruwa ya riƙa danne jijiyar gani, abin da ya mutu a jijiyar kuma ba ya dawowa. Ya ce dabarar kawai ita ce a riƙa auna ƙarfin ruwan a kai a kai, in an ga ya hau a sauke shi da magani tun bai yi ɓarna ba.

Ni na matsa wa Baba. Ni na nemo masa wani asibitin ido mai zaman kansa, mai ƙofar gilashi da kujeru masu laushi, kusa da shagonsa don kada ya ce nisa. Da farko sai da na yi ta magiya. Daga baya ya saba, har ya zama shi yake tuna mini. Zai rufe shago da hantsi, ya sa rigarsa mai kyau, ya tafi. Idan ya dawo na kira shi a waya sai ya ce,

“Uwata, sha shida. Lafiya ƙalau.”

Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Wani lokacin sha biyar, wani lokacin sha bakwai. An gaya mana muddin lambar ba ta wuce ashirin da ɗaya ba, babu abin tsoro. Sai in ce alhamdulillahi, in koma bakin aikina da zuciya a sake.

A cikin shekarun nan ne Baba ya fara bugun abubuwa. Zai shigo falo ya daki gefen ƙofa da kafaɗa. Zai miƙa hannu ya ɗauki rediyo, gwiwar hannunsa ta kifar da kofin shayi. Umma ta ce tsufa ne ya zo masa da garaje. Yaya, babban wanmu, har tsokanarsa yake yi, wai Baba ya fara dambe da gini. Muka yi ta dariya, shi ma yana yi. Wa zai kawo maganar ido? Mutumin da har lokacin yake zare ƙusar agogon hannu ya mayar ba tare da ta faɗi ba, kuma ga sha shida.

Ranar da abin ya fito fili, ina wurin aiki aka kira ni. Baba ya fito daga shago zai tsallaka titi, mai keke ya taho ta hagunsa ya kwashe shi. Mai keken yana rantsuwa ya yi ta kaɗa ƙararrawa, kuma tsohon yana fuskantar gaba da ido a buɗe ya shigo masa. An kai shi babban asibiti, an yi masa ɗinki a saman gira. Da yake ciwon kusa da ido ne, aka ce mu biya ta sashen ido kafin mu tafi.

Likitar wata mace ce doguwa, ba ta da yawan magana. Ta zaunar da Baba a gaban wata na'ura fara mai wurin ɗora haɓa. Baba ya gyara zama kamar wanda ya zo gidansu.

“Ai na san wannan,” ya ce mata. “Irinta ce a asibitinmu. In kalli koren haske ko?”

“Eh, Baba. Buɗe idon sosai.”

Sai na ji wani ɗan sauti, fus. Baba ya zabura ya ja da baya har kujerar ta yi ƙara, ya dafe ido.

“Subhanallahi! Yarinya, mene ne haka? Iska kika hura mini a ido?”

Na yi dariya, ma'aikacin da ke tsaye ma ya yi. Likitar ce kawai ba ta yi ba.

“Baba, ka ce ana auna ka da irin wannan?”

“Shekara da shekaru.”

“Kuma ba ta taɓa hura maka iska ba?”

“Ko sau ɗaya. In ɗora haɓa, in kalli haske, ta ce in tashi. Taku ce dai ta lalace.”

Likitar ta ɗago ta kalle ni, na daina dariya. Ta ce da iskar ake awon. Na'urar tana harba iska ta ɗan danna fatar ƙwayar ido, daga yadda idon ya lotsa take gane ƙarfin ruwan da ke ciki. In babu iska, babu awo. Ta lallashi Baba ya sake ɗora haɓa. Daga nan ta ɗiga masa magani, ta kai shi wata na'urar mai shuɗin haske wadda take taɓa idon kai tsaye, don ta tabbatar. Hagu arba'in da biyu. Dama talatin da ɗaya. Ta haska cikin idon ta daɗe tana kallo. Sannan ta rufe masa ido ɗaya, ta ce ya kalli hancinta, ta riƙa kawo yatsunta daga gefe. A hagu sai da yatsun suka zo gaban hancinsa sannan ya ce ya gani.

“Na hagun saura kaɗan ne,” ta ce mini a hankali, bayan an fita da shi. “Na daman za mu yi ƙoƙari mu riƙe abin da ya rage. Da an fara magani tun shekarun baya, da ba wannan maganar muke yi ba.”

Ni ma aikina awo ne. A ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin lemon kwalba nake. Ina ɗauko kwalba daga layi, in sa ta a wani ƙarfe mai huda murfi, in girgiza, in karanta inda allurar ma'auni ta tsaya, in haɗa da sanyin lemon in fitar da yawan gas ɗin da ke ciki. Kowace safiya, kafin in taɓa kwalba ko ɗaya, sai na gwada ma'aunina da wani ma'aunin da muke ajiyewa a akwati don wannan kawai. In suka saɓa, ba a aiki da shi. Na taɓa tsayar da layi gaba ɗaya, manaja yana ta kumfar baki a kaina, saboda allura ta karkace da ɗan abin da ido da ƙyar yake gani. A kan lemo ke nan, abin da in gas ya yi kaɗan iyakarsa mutum ya yamutsa fuska ya ce ya yi salam. Ina zaune a motar haya muna komawa gida, Baba yana gefena da bandeji a goshi, wannan tunanin ne yake ta cina. Kwalba ta fi idon ubana samun kulawa.

Washegari ban je aiki ba. Na je asibitin nan mai ƙofar gilashi ni kaɗai, na yanki kati kamar kowa, na ce ina so a auna mini ido. Ina so in gani da kaina kafin in buɗe baki. Na zauna a layi tare da tsofaffi, da wata mata mai goyo, da wani ɗan makaranta. A bango an manna babban hoton ido, an rubuta a ƙasa cewa ganinka amanarmu ce.

Wadda take awon kowa Sista yake ce mata, mace ce mai fara'a da za ta yi sa'ar Yaya. Ta goge wurin ɗora haɓa da auduga, ta ce in kalli koren haske. Hasken yana nan kuwa, fes. Na ɗora haɓa, sannan na rufe idona ruf, duka biyun. Na ji ta danna wani abu. Babu iska.

“Ɗaya idon,” ta ce.

Ban buɗe ba. Ta sake dannawa.

“Masha Allah. Sha shida, sha shida. Idonki lafiya lau.”

Na buɗe ido na kalle ta. Kanta a sunkuye yake tana rubutu. Ko kallon allon na'urar ba ta yi ba, balle ta lura.

“Sista, idona a rufe yake.”

“Na'am?”

“Na ce a rufe yake. Tun da na ɗora haɓa ban buɗe ba. Fatar idona kika auna, ko gashin gira?”

Biron ya tsaya a hannunta. Ta kalli ƙofa, ta kalle ni.

“Don Allah, 'yar'uwa, yi magana a hankali.”

Ban yi a hankali ba. Ban san ina da murya irin wannan ba sai ranar. Na buɗe ƙofar ɗakin na tsaya a bakinta, na tambayi mutanen da ke layi ko akwai wanda na'urar nan ta taɓa hura wa iska a ido. Suka yi ta kallon juna. Wani dattijo ya ce shi dai haske yake gani. Na ce to ba a taɓa auna shi ba, ba a taɓa auna kowa a cikinsu ba, lamba ake ƙirƙira musu daga ka. Mai gadi ya taho yana cewa Hajiya a yi haƙuri. Na ce ya kira mini mai wurin.

Mai wurin Darakta ake ce masa. Ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne da ya fara da sayar da gilashin ido. Likita na gaske sau ɗaya yake zuwa a mako, kuma sai wanda lambarsa ta hau ake tura masa. Darakta ya shigar da ni ofishinsa mai sanyi, ya sa aka kawo mini ruwa, ya haɗa yatsunsa a kan tebur.

“Ƙanwata, na fahimci ɓacin ranki. Na'ura ce, kin san halin na'ura. Wataƙila yau ta ɗan samu matsala.”

“Yau? Mahaifina bai taɓa jin iskarta ba.”

“Tsofaffi suna mantuwa.”

“Na waje ma duk mantuwar suka yi? Har ɗan makarantan?”

Ya yi murmushi irin na wanda ya saba da masu ƙorafi. Ya ce zai bincika, in ma'aikaciyarsa ta yi sakaci zai ɗauki mataki. Ya ce ciwon nan ai ko an gano shi da wuri wani lokacin sai ya yi halinsa, komai da lokacinsa. Sannan ya jawo aljihun tebur ya ce a kawo Baba ya zaɓi gilashi mafi kyau a shagon, kyauta.

Na miƙe tsaye. Hannuna ya bugi kofin, ruwan ya zube a kan takardunsa, ban kuma ba shi haƙuri ba.

“Gilashin zai sa wa wane idon?” na ce.

Sista ta biyo ni har bakin titi, tana kuka. Ta ce abin hura iskar ya daɗe da mutuwa. Ta faɗa wa Darakta tun a makon farko, ya ce an yi odar kayan gyara, kafin su iso ta riƙa rubuta tsakanin sha huɗu da sha bakwai, wanda ya ce idonsa na ciwo ta tura shi wurin likita. Ta sake tuna masa, ya ce in ta gaji da aikin akwai masu nema. Ta ce 'ya'ya uku gare ta, mijinta ba ya aiki.

“Ciwon nan ba ya zafi,” na ce mata. “Kin sani, an koya miki. Tsohon nan yana zuwa da rigarsa mai kyau, yana gaishe ki, yana tambayar yaranki. Kina kallon idonsa kina rubuta masa ƙarya.”

Na so in ji tausayinta, wani ɓangare na zuciyata ma ya ji, amma na bar ta a tsaye na tafi.

Na ɗauka a gida za a taya ni. Da na gama ba da labari, Umma ta rufe fuska da mayafi tana salati. Yaya ya buga tebur ya ce sai ya ƙona wurin. Amma kafin kwana biyu wutarsa ta mutu, domin Darakta ya nemo Kawu, ƙanen Umma, wanda ashe sun san juna a harkar kasuwa. Sai ga su da yamma, Kawu a gaba, Darakta a baya, direbansa ɗauke da kwandon 'ya'yan itace. Aka shimfiɗa musu darduma a falo. Darakta ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Baba, ya ce ya kori ma'aikaciyar da ta ci amanarsa, shi ma cutarsa aka yi.

“To ka ji,” Kawu ya ce wa Baba. “Mutum ya zo har gida. Abin da ya faru ya riga ya faru, ƙaddara ce. Shari'a ba za ta dawo da ido ba, sai tonon asiri da yawo a ofisoshi.”

“Kawu,” na ce, “ƙaddara ce ta riƙe biro?”

“Ke Auta, manya na magana,” in ji Yaya.

“Manyan ne suka kai mu nan. Shi ya ce ta rubuta. Ta gaya mini da bakinta.”

“Wadda aka kora ai za ta faɗi komai,” Darakta ya ce, cikin taushin murya, yana kallon darduma.

Kawu ya juyo gare ni ya ce ilimi ba hauka ba ne, mace ta riƙa sanyi. Ya ce in bar maza su kashe maganar. Na kalli Baba ina jira. Tun da aka dawo daga babban asibiti bai cika magana ba, yana zaune ne kawai yana juya kai gefe da gefe kamar mai neman inda sauran ɗakin ya tafi. Can sai ya ce wa Darakta,

“Yallaɓai, mutum nawa na turo maka?”

Darakta ya ɗago. “Na'am, Baba?”

“Na ce mutum nawa na turo maka. Mai gyaran takalmi na kusa da ni. Mai shagon hoto. Matar mai benen da nake haya. Ƙanwata da 'ya'yanta biyu. Duk wanda ya zauna a bencina na ce masa ya je a auna shi, wuri ne mai kyau, ba a ɓata lokaci. Ashe shi ya sa ba a ɓata lokaci.”

Baba ya ce wa Yaya ya mayar da kwandon mota. Ya ce idonsa nasa ne, yana iya yafewa ko ya ƙi, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Amma idon mutanen da ya tura ba nasa ba ne, ba shi da ikon yafe shi a kan darduma. Kawu ya tashi yana kaɗa riga, ya ce tunda an mayar da shi ƙaramin mutum shi ya tafi. Har yau gaisuwarmu da shi sama-sama ce.

Da safe Baba ya sa na riƙe masa hannu ta hagu, muka bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya. Abin ya fi mini zuwa wurin Darakta wuya. A kowace ƙofa sai ya tsaya ya cire hula, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya ce, “Na tura ka inda ba a auna komai. Ka yafe ni, ka je babban asibiti.” Mai gyaran takalmi ya yi dariya ya ce shi idonsa garau, sai da Baba ya zauna a shagonsa ya ce ba zai tashi ba sai ya ga ya rufe sun tafi tare. Nasa lafiya aka samu. Na mai hoto ma haka. Amma Gwaggo, ƙanwar Baba, an samu nata ya haura talatin, babban ɗanta kuma yana bakin iyaka. An fara musu magani a ranar. Likitar ta ce na Gwaggo an tare shi da sauran dama.

Na rubuta ƙara zuwa hukumar da ke kula da asibitoci. Na kai da kaina, aka buga hatimi, aka ce in jira. Na jira. Na koma, aka ce jami'in yana hutu. Na sake komawa, aka ce fayil ɗin yana sama. Manajana ya fara tambaya ko na buɗe wani aikin ne a gari. Lokacin da masu bincike suka je asibitin a ƙarshe, sun tarar da sabuwar na'ura dal, ledarta ma ba a gama ɓarewa ba, tana hura iska kamar me. Tsohuwar kuwa an ce an sayar wa masu gwangwan.

An kira mu zama a wani dogon ɗaki mai fanka ɗaya. Mutum uku a kan tebur, shugabansu wani farfesa mai furfura da yake ta duba wayarsa. Darakta ya zo da lauya. Likitan nan mai zuwa sau ɗaya a mako ya ce shi waɗanda aka turo masa kawai yake gani. Na tambaye shi, a duk tsawon lokacin nan bai taɓa mamakin yadda ba a samu mai hawan jinin ido ko ɗaya a unguwa guda ba? Lauya ya ce ba ni da hurumin yin tambaya. Farfesan ya ce in zauna.

Ana cikin haka ƙofa ta buɗe, sai ga Sista. Ban gayyace ta ba, ban ma san inda take ba. Ta rame. Ta tsaya a gaban teburin ta faɗi abin da ta gaya mini a bakin titi, ba ta rage ba, har da nata laifin. Lauya ya tambaye ta ko tana da shaidar cewa an umarce ta. Ta ce a baki aka faɗa mata. Ya ce to hannun wa ke kan katunan marasa lafiya? Ta ce nata. Ya zauna yana gyara rigarsa.

Hukuncin da ya fito, an soke takardar aikin Sista. An rufe asibitin na ɗan lokaci saboda abin da suka kira rashin kula da kayan aiki, an kuma gargaɗi Darakta. Na nemi a tilasta masa ya kira duk wanda aka taɓa aunawa da matacciyar na'urar, ya gaya musu gaskiya. Aka ce wannan shawara ce mai kyau, za a duba. Ba a duba ba. Mutanen da ke cikin katunan nan suna nan suna yawo a gari da sha shidansu, ban san sunayensu ba, ba a kuma yarda an ba ni ba, wai sirrin marasa lafiya ne.

Idon Baba na hagu ya tafi gaba ɗaya kafin shekara ta zagayo. Na dama an yi masa aiki, yana ɗiga magani safe da yamma, lambar ta sauko. Yana gani kamar mai leƙe ta bututu. Yana zuwa shago har yanzu, Yaya yana kai shi yana ɗauko shi, amma manyan agogunan bango kawai yake karɓa. Titi kuwa ya daina tsallakawa shi kaɗai.

Kwanakin baya na shiga wani babban kantin magani sayen maganin ɗigawarsa. Ina layi sai na ga an kafa tebur a bakin ƙofa, da 'yan mata biyu masu riguna iri ɗaya suna raba takardu. A bayansu Darakta ne, ya ƙara ƙiba, yana gaisawa da mutane. Asibitin ya sake buɗewa da sabon suna da sabon fenti. Ya taho kan layinmu da kansa, yana miƙa wa kowa takarda. Ya zo kaina ya miƙo mini, ya kalle ni cikin ido da murmushin nan nasa.

“Hajiya, makon duba ido kyauta muke yi. A kawo iyaye, a kawo yara. Hawan jinin ido ba ya sallama.”

Bai gane ni ba. Na tsaya ina jira ko fuskarsa za ta canza, ba ta canza ba. Mutumin da ya durƙusa a falonmu, wanda na zauna ina fuskantarsa a gaban hukuma.

Na karɓi takardar. Na juya ga matar da ke bayana, wadda ta riga ta fara karanta tata, na ɗaga kwalbar maganin da ke hannuna yadda kowa zai gani. Na gaya mata ko na wane ne, da abin da ya sa ake ɗiga masa shi a ido safe da yamma, da wanda ya jawo. Ban yi ihu ba wannan karon. Na faɗa dalla-dalla, da ƙarfin da na ƙarshen layi zai ji. Darakta ya ce, “Baiwar Allah, ina jin kin yi kuskuren mutum,” yana ja da baya. Mai kantin ya fito ya ce don Allah in fita waje da rigimata. Na ce sai na biya kuɗin maganina, kuma layi bai zo kaina ba.

Matar ta ninke takardar ta ajiye a kan kantar shagon. Wani mutum a gaba ya sa tasa a aljihu, ya ce shi dai kyauta ce, zai je. Na ce ya je, amma ya nemi ganin likita da idonsa, kada ya yarda da lamba kawai. Ya ɗaga kafaɗa.

Na biya, na fito. Na isa gida fuskata a murtuke. Umma ta tambaye ni me ya same ni, na ce layi ne ya yi tsawo. Na wanke hannu, na ce wa Baba ya ɗaga kai ya kalli sama, na ja fatar idonsa ƙasa na ɗiga masa.